Bindigar da Ba Ta Cin Abincin Matattu

Kowa a wannan gefe na dajin Chaco ya san Ña Balbina Agüero da abu biyu, cukunta da bindigarta. Cukun ba shi da wani dogon labari, madara ce da gishiri da hannu mai tsabta. Bindigar ce mai labari, don matar nan ta haura arba'in ba ta taɓa ɗora yatsa a kan kunama ba, kuma da za a bi ta ranta, da har ta koma ga Allah ba ta ɗora ba.

Balbina gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana. A bakin kogi aka haife ta, a Concepción, aure ne ya kawo ta cikin ƙaya da ƙishirwa. Mijinta Sinforiano mutum ne mai daɗin zama, ga dariya ga kyauta, sai dai Allah ya zuba masa gaggawa. Rogo yana tururi zai jefa shi a baki ya yi ta hura iska. A coci, kafin fada ya kai tsakiyar addu'a shi ya ce amin ya ɗauki hularsa. Balbina takan ce masa, "Kai dai ko layin kabari aka ce a bi, sai ka tsallake mutane." Shi kuma ya yi dariya ya ce ai gara a riga kowa samun wuri mai inuwa. Ta daɗe tana cizon yatsa a kan wannan wasa.

Bindigar gidan, kamar ta kowane gida a nan, tsohuwar soja ce, ragowar yaƙin da iyayenmu suka yi da Bolibiya. Mai sakata ce: ka ɗaga, ka ja baya, ka tura, ka kwantar, kamar dai sakatar ƙofa, kowane harbi da jansa. Abincinta kuwa, harsashin da ake kira bakwai-sittin-da-biyar, ba a sayensa, tono shi ake yi. Dajin nan cike yake da ramukan yaƙi, inda samari suka ƙare, yawancinsu ma ba dalma ce ta kashe su ba, ƙishirwa ce. Ka bi sawun saniyar da ta ɓata sai ka yi tuntuɓe da akwati, ko ruɓaɓɓiyar ɗamara da harsasai a jere, wani lokaci da mai ɗamarar a ciki. Mutum ya yi alamar gicciye, ya kwashe, ya goge da toka da kitse. Abincin matattu ake ce masa, kuma ban taɓa ganin wanda ya ji kunyar cinsa ba.

Amma harsashin da ya shekara talatin a ƙasa yana da hali. Wani ya tashi lafiya lau. Wani ya mutu murus. Na ukun shi ne mugun: ka ja kunama, ka ji ƙyas, shiru, ka ɗauka ya mutu, ashe tunani yake yi. Tsofaffi suna cewa sojan da ya mutu da shi ne yake jiran umarnin da ba a ba shi ba. Mai shagonmu, dattijon da ake kira Don Liborio, wanda shi ma ya yi yaƙin, yana cewa albarushi ne ya sha damshi, ba wani soja. Ko ma wanne ne, dokar ɗaya ce kuma kowa ya taso da ita. In ta ce ƙyas, ba ka kawar da bakinta daga inda ka nufa, ba ka taɓa sakata, sai ka karanta addu'ar Ubanmu ta coci daga farko har amin.

Ranar da abin ya faru suna dawowa ne daga tafki, ita da tulu a kai, shi da bindiga a kafaɗa. Gada ta fito ta tsaya a kan hanya tana kallonsu. Sinforiano ya ɗaga, ya auna, ya ja. Ƙyas. Gada ta faɗa cikin ƙaya. Balbina ta fara addu'ar a zuciyarta, kamar yadda takan yi a madadinsa, tunda ta san shi ba zai yi ba.

"Yau matattu sun yi rowa," in ji shi. Ya yi dariya, ya sauke gindin bindigar a kan takalminsa, ya dafa bakinta kamar mai dogara sanda, ya juyo wajenta.

A cikin addu'ar, ta kai daidai wurin da ake roƙon abincin yini. Ta ga bakinsa ya buɗe zai ƙara wata magana, sai bindigar ta tashi. Har ta bar duniya ba ta san abin da zai faɗa ba.

Bayan an binne shi, ƙaninsa Crescencio, da ake kira Chencho, ya ɗauke bindigar daga gidan. Balbina kuwa ta ɗauki guduma ta cire duk wata sakata da ke ƙofofinta, har da ta shingen shanu, ta koma ɗauri da tsirkiyar fata. Bai hana ba. Cokali ya faɗi a kan kwano, ko busasshen reshe ya karye a bayan ɗaki, sai ta sandare a inda take, tana jiran abin da zai biyo baya. Wani lokaci tana tatsa, hannunta ya tsaya a kan nono har saniyar ta juyo tana kallonta. Addu'ar ma ta gagare ta. Ta fara lafiya, da ta iso wurin abincin yini sai harshe ya ɗaure, mutanen coci su wuce su bar ta a can. Wannan ya fi komai ci mata rai, kuma ba ta gaya wa kowa ba.

A shekara ta biyu ruwa ya yi gardama. Tafkuna suka ƙafe saura nata, duk abin da ke daji ya dawo sha a wurinta, har da damisa. Maraƙi ya ɓata, sai wani, sai wani. Sannan wasu mahaya da ba ta sani ba suka tsaya neman ruwa, ta ba su, ta lura ɗayansu ba ita yake kallo ba, ƙusar da ke saman ƙofa yake kallo, inda ake rataye bindiga, ya ga ba komai. Ya yi godiya da fara'a, har ya tambayi ko maigidan ya yi nisa.

Chencho ya zo ranar Lahadi. Suka zauna a inuwa suna shan tereré, shayin ganyen nan namu mai sanyi, ƙaho ɗaya bututu ɗaya, ta zuba ruwan sanyi ta miƙa masa, ya zuƙe ya mayar. Sai da ƙahon ya yi zagaye da yawa sannan ya fito da abin da ya kawo shi.

"Matar yaya, ba zan ɓoye miki ba. Kafin damina ko dai damisa ta cinye garken nan, ko masu doki su kore shi. Ki haɗa shanun da nawa, ki koma Concepción wajen 'yarki. Kina zaune za a riƙa kawo miki rabonki."

"In koma in yi me? In riƙa ƙirga jiragen ruwa?"

"Ki huta mana. Gida ba bindiga a wannan dajin, ai tukunya ce ba murfi."

"Yayanka yana kwance a bayan shingen can," in ji ta. "Wa zai share masa ƙaya?"

Chencho ya sosa ƙeya. Ba mugu ba ne, a bar wa Allah gaskiyarsa, ko da yake shanun ma ba su yi masa muni a ido ba. Ya ce, "To in dawo miki da tsohuwar? Tana nan a rataye. Harsashi kuwa ina da rabin buhu."

Ta karɓi ƙahon ta kife shi a kan tire, alamar an gama sha. "Wannan in ta sake tsallake ƙofata, da ita da mai ɗauke da ita zan haɗa in kora. Zan sayi tawa."

"Ke? Ke da cokali ke firgitawa?"

Ba ta san ya lura ba. Ta ji kunya ƙwarai, kunyar kuma ta koma haushi, haushin ne ya ɗaura wa doki sirdi washegari.

Shagon Don Liborio yana mararraba, inda motocin katako ke tsayawa. Gishiri, waya, kananzir, maganin tsutsar shanu, bindigogi kuma a jere a bayan kanta. Tsohon kunnensa ɗaya ya mutu tun a yaƙi, saboda haka magana yake yi kamar yana kiran wani a hayin kogi. A kan benci akwai masu zaman da ba sa rabuwa da wurin, waɗanda ba su taɓa sayen abin da ya wuce taba ba amma sun fi kowa sanin kaya.

"'Yata, me za ki harba?" in ji Don Liborio.

"Abin da ya zo."

"Mai ƙafa huɗu ko mai biyu?"

"Ba zan tsaya ƙirgawa ba."

Ya sauko da wata siririya ya ajiye a gabanta. "Ashirin-da-biyu. Ba nauyi, ba ta shuri, harsashinta ya fi alawa araha. Gada, zomo, tsuntsu, tukunyarki ba za ta kwana da yunwa ba. Ita nake ba duk mai fara koyo."

"Damisa fa?"

"Damisa za ki ba ta haushi ne kawai."

Wani daga kan benci ya ce ai ƙaramar ta ishi mace, ta harba sama ta shige ɗaki. Wani ya ce a'a, a ba ta tsohuwar soja, abinci kyauta har tashin duniya. Na kusa da shi ya zungure shi, ya tuna da wa yake magana, ya kama tari.

Balbina ta sa hannu a aljihun zanen aikinta ta ciro harsashi ɗaya, kore-kore da tsatsa, ta tsayar da shi a kan kanta. A aljihun rigar Sinforiano ta same shi ranar da take wanke ta.

"Babba nake so, mai sakata, wadda za ta kayar da damisa. Amma wadda ta ƙi cin wannan."

Don Liborio ya karkato kunnensa mai rai. Ta maimaita. Ya ce, "Ai ba sai kin ba ta ba. Ki sayi sabo ki sa, wa zai tilasta miki?"

"Don Liborio, na san kaina, na kuma san mutanenmu. Wata rana kwalin harsashina zai ƙare, hanya ta yanke, damisa tana kuka a bayan shinge. Sai wani maƙwabci mai kirki ya zo da cikin hannu na abincin matattu, ya goge shi tas, ya ce wannan mai kyau ne, shi ya gwada. Ni kuma ina cikin matsi, zan karɓa in sa. Ba na so in iya."

Tsohon ya daɗe yana kallon harsashin. Shi ne mai cewa damshi ne ba soja ba, amma da ya ɗauke shi, da yatsu biyu ya ɗauka. Ya kawo filaya ya zare kan, ya zubar da albarushin a ƙasa, ya ɗiga mai a cikin kwanson, ya mayar da kan yadda yake. Ya ce ba a wauta a shagonsa.

Ya fara da wata doguwa, talatin-sifili-shida, wadda ya ce Turawan da ke zuwa farauta sun fi so. Ya sa harsashin, ya tura sakata, ta kwanta sumul. Ya ɓata fuska. "Kin ga, ba nata ba ne amma ta haɗiye. Wannan makwaɗaiciya ce, ta ma fi haɗari." Ya mayar da ita.

Ta ƙarshen ta fi gajarta, itacenta ja. Uku-sifili-takwas. Ya sa, ya tura, sakata ta tafi ta tafi ta cije, saura kaɗan. Ya danna da tafin hannu, ta ƙi. Ya juyo da ita ya nuna mata.

"Ga mai zaɓen abinci. Amma ki ji da kyau, araha ba ta san ta ba. Harsashinta daga birnin Asunción yake zuwa, jirgin ruwa ya kawo mota ta ƙarasa. Damina ta sauka, ko kuka kike ba ni da shi. Kuma tana shuri kamar alfadari."

"Ita nake so."

Ta bar masa bijimin da Sinforiano ya fi ji da shi, aka yi ciniki. A bayan shago ya kafa mata gwangwani a kan kututture. Harbin farko ya jefa ta baya, kafaɗarta ta kwana da kumburi, amma ba wannan ne ya dame ta ba. Sakatar ce. Duk lokacin da za ta ja sai ta runtse ido, ta ja a hankali kamar mai buɗe ƙofar ɗakin marar lafiya.

"Ba jinjiri ba ne," in ji Don Liborio. "Ja ta har ƙarshe, da ƙarfi, kamar ta zagi uwarki. In kika lallaɓa ta, komawa za ta yi ba ta ɗauko komai ba." Ya sa ta yi ta yi har ƙarar ta ishe ta. Ya koya mata ta cika cikin bindigar amma ta bar bakin wofi, sai an ga abin harbi a ja sakata a ɗora.

Ta rataye ta a ƙusar saman ƙofa. Mahayan nan sun sake biyowa, mai fara'ar ya ɗaga kai ya gani, suka sha ruwa a tsaye suka wuce, ba a ƙara ganinsu ba. Damisa kuwa ba ta duba ƙusa.

Da la'asar ce, rana ta yi sanyi, ta ji shanu sun ɗauki kuka a wajen tafki, irin kukan da ba na ƙishirwa ba. Ta sauke bindiga ta bi ta bayan ƙaya. A bakin ruwa, kan busasshen taɓo, damisar ta danne jan maraƙi, na saniyar da ta fi ba ta madara. Maraƙin yana shure-shure. Ba nisa, jifa ɗaya.

Balbina ta durƙusa. Ta ɗaga sakata, ta ja a hankali, a hankali, ta mayar ba ko ƙara. Ta gaya wa kanta don kada damisar ta ji ne. Gaskiyar magana ita ce ba ta son ji. Ta kafa gindin a kafaɗa, ta auna bayan hannun dabbar yadda aka koya mata, ta ja kunama.

Ƙyas.

Damisar ta ɗago kai.

Sabon harsashi, daga kwali, daga Asunción. Balbina ta ba da bijimi don kada ta sake jin wannan ƙara, ga shi ta biyo ta har cikin sabuwar bindiga. Hannunta ya kai kan sakata da kansa, ta janye shi. Ba a taɓawa, ba a kawar da baki. Ta ci gaba da aunawa tana kallon idanun nan masu ruwan zuma, ta fara addu'ar, leɓɓanta suna motsi ba sauti.

Farkon ya zo da sauƙi kamar kullum. Sai ta iso wurin abincin yini, harshe ya ɗaure. Iska ta tsaya, shanu ma suka yi shiru. A bayanta, daidai kan hanyar da suka biyo ran nan, ta ji kamar mutum ya sauke gindin bindiga a kan takalmi, ya ja numfashi zai yi magana. Ta san in ta waiga za ta ji abin da zai faɗa, abin da ta shekara biyu tana son ji. Ta kuma san bakin bindigar zai waiga tare da ita. Ba ta waiga ba. Ta tura kalmar da ƙarfi ta fita, ta bayanta ta biyo, ta roƙi gafara, ta roƙi tsari daga mugu, ta ce amin a fili. Maraƙin ya riga ya daina shure-shure.

Ta fizgi sakata har ƙarshe, ba abin da ya faɗo. Bakin wofi ne tun farko, lallaɓawarta ce ta mayar da sakatar ba ta ɗauko komai ba. Ta buga ta gaba da ƙarar da ta cika wurin. Damisar ta saki maraƙin, ta yi ƙasa da kafaɗu ta nufo ta. Wannan karon bindigar ta amsa. Dabbar ta kife a taɓo, ta yunƙura, Balbina ta sake fizga ta ƙara mata.

Chencho ya jiyo harbin daga gonarsa, ya iso a sukwane rana na gab da faɗuwa. Ya tarar da damisa a miƙe, maraƙi a mace, matar yayansa kuma zaune a ƙasa da bindiga a cinya. Ya zagaya dabbar yana yin fito da baki. Tun daga ranar maganar Concepción ba ta sake fitowa daga bakinsa ba, kuma a gidan nan Balbina ta tsufa, tana cuku tana share ƙaya a bayan shinge, ƙofofinta duk ta mayar musu da sakata.

"Matar yaya, ashe haka kike? Gobe ni zan haɗa shanuna da naki." Yana dariya ya dubi fuskarta, dariyar ta tsaya. "Ta taɓa ki ne?"

Ta girgiza kai. Ta gaya masa bindigar ta ce ƙyas, ta gaya masa ta jira.

"Kin jira? Da damisa a gabanki?"

"Na kai amin."

Bai gane ba, ya tsaya riƙe da linzami. Hawaye suna zuba a fuskarta, ba ta share ba.

"Chencho, ashe addu'ar gajeriya ce. Ni duk na ɗauka doguwa ce. Daga abincin yini zuwa amin, ko hularka ba za ka gama gyarawa ba." Ta dubi hanyar da ke bayanta, ba kowa sai sawun shanu. "Ɗan wannan ne ya rage wa yayanka."

Chencho ya cire hularsa, ya zauna a ƙasa kusa da ita.